Abin da Kwata Ta Faɗa

Tun da aka gina matatar ruwan kwata a bayan gari, sauro ya ƙaura, lambun Inna Ladidi ya yi kore shar. Ranar da ta je karɓar takin da matatar ke rabawa, Malam Tanko mai rabon ya ƙara mata buhu.

"Na barka ne, Inna. Gwajin ruwan kwatar gidanku ya nuna Tasalla matar ɗanki na da juna biyu."

Inna ta rangaɗa guɗa. Sai a hanya ta tuna cewa Tasalla, don kunyar cikin fari, ko ita ba ta gaya wa ba.

Da la'asar Inna ta yi wanka cikin baho, tana ta murmushi. Amma ruwan, a gindin lemo ta juye shi, ba a kwata ba.