Tafintan Barikin Gawo

Kullum da hantsi Rabi mai kunu takan ajiye wa Alhaji Mukhtaru ƙwarya a bakin ɗakinsa a unguwar Mansur ta Makka, shi kuma ya yi mata tambayar jiya.

"An samo ta?"

"Tukuna, Baba. Bukra, gobe dai, in sha Allah."

Bayan yaƙin Turawa na biyu ne, shekarar dai ta ɓace mini. Tsohon ya iso Makka ta Sudan da buri ɗaya: ya ga Shatu 'yar Mahmudu ya roƙe ta gafara kafin ya mutu. An ce masa a garin take.

Da ƙuruciya shi ne tafintan Barikin Gawo, can bakin hamada, inda Faransawa suka gina ganuwa, kasuwar gishiri ta tsiro a ƙofarta. Rijiyar wurin ta Mahmudu ce. Da sojoji suka zo, Mahmudu ya ce su sha, amma su bar wa ayari hanya. Mukhtaru, da yake son rumfar bakin rijiyar, ya gaya wa kwamanda wai mutumin ya ce zai zuba guba. Aka harbe Mahmudu a gaban 'yarsa.

Duk ya ba Rabi wannan labari yana kuka. Ta saurara tana dama kunu, hannunta bai ko tsaya ba. Ita ta ɗauki nauyin neman. Ta ce ta duba unguwar Zahir, ta ce ta duba ta Rusaifa. Ranar da ya so ya tambayi dattawan masallaci da kansa, ta ce ƙafarsa ba za ta kai ba. Shekara uku tana jinyarsa.

Wata Laraba ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya mutu, harshe ya ƙi motsi, sai ido da kunne. Mai magani ya duba ya ce ba zai ƙara magana ba.

Da mutane suka watse, Rabi ta gyara masa matashi, ta kira sunansa sau biyu don ta tabbata yana ji. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito.

Sannan ta sunkuya daidai kunnensa.

"Tafinta, ni ce Shatu. To, roƙe ni."