Sukuru Huɗu a Kujerar Kyaftin Dujmo

Na rantse da gashin bakina, wanda har yau yana nan a fuskata ba kamar na wasu ba, ba za ku yarda da wannan labari ba. Ku dai kasa kunne.

A tsibirinmu na gaɓar Dalmatiya, in aka ce aikin Vinko ne, an gama magana. Shekara ashirin da shida yana kafa kujeru da maɗauran igiya a jiragen faiba masu tafiya da iska, ba a taɓa jin ɗaya ta yi ko motsi ba. Makaranta kuwa tun a aji biyar ya yi mata sallama, kuma da alfahari yake faɗa. Dukiyarsa biyu a duniya: wannan suna, da gashin baki mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, wanda yake murzawa duk lokacin da zai shara ƙarya. Shi ya sa kullum hannunsa na wurin.

Ran nan a mashaya, Kyaftin Dujmo, shugaban ƙungiyar masu jirage, mutum mai faɗin ƙofar coci, ya dube shi a gaban jama'a. "Wai Vinko, kai da ko tef ɗin awo a juye kake riƙe shi, yaya aka yi aikinka ke ƙarko? Sa'a ce, ko wani waliyyi ne ke tausaya maka?"

Aka bushe da dariya. Da aka lafa, Dujmo ya ba shi aiki: sabuwar kujera a bayan jirginsa, wadda zai hakimce a kai ranar bikin Waliyyi Roko, sa'ad da jirage ke zagaya tsibiri gari duka na kallo.

Faiba, wato robar nan mai tauri da ake ƙera jirage da ita, ba katako ba ne. Ɓawo ne, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba. Mai hankali huda shi yake yi, ya zura dogon noti na ƙarfen da gishiri ba ya ci, ya tokare da faranti ta ƙasa, ya ɗaure tamau da sifana. Ƙasan nan ne matsalar: lungu ne matsattse, sai siririn hannu ke shiga, ga ƙaiƙayin faiba na kwana uku. Vinko ya daɗe yana cewa wannan wahalar 'yan boko ce, shi albarka a hannunsa take.

Amma wannan karon da gayya ya zaɓa. Sukuru huɗu, gajeru, irin na rataye hoton kaka a bango. Ya murza su a ɓawon faiba, ya goge kawunansu suna ƙyalli.

Ya faɗa wa abokansa uku a asirce. Kafin la'asar duk mazan tsibiri sun sani, ban da Dujmo. "In tulun nan bai faɗa teku kafin ya kai hasumiyar fitilar jirage ba," in ji Vinko, yana dukan tebur, "ku aske mini gashin baki a dandali, a gaban coci!" Jure mai aski ya ce ya ji, kuma shi shaida ne.

Ranar da ya kafa kujerar, da tsakar rana, matarsa Zorka ta kawo masa gasasshen kifi da burodi da ruwan inabi, kamar kullum. Ya ci ya yi nak, ya miƙe ƙarƙashin ɓaure ya yi barcinsa na awa biyu, kamar kullum. Ya farka ya tarar sifana lamba sha uku ta sake ɓacewa, ya tsine wa ɓarayin masunta. Zorka na tattara kwanuka tana susar 'yan siraran hannuwanta.

"Matar nan, shekara nawa ina ce miki ki je likita ya duba ƙaiƙayin nan?"

"Zafi ne kawai, tsohona," in ji ta.

Ranar biki gari ya cika gaɓa maƙil, rabinsu ba don waliyyi suka zo ba. Dujmo ya shiga jirgi da fararen kaya, ya zube a kujera tim. Vinko ya murza gashin baki. Iska ta taso, jirgi ya karkata, Dujmo ya jingina da dukan nauyinsa yana rera waƙa. Igiyar ruwa ta ɗaga shi ta sauke har sau uku. Kujera ko gezau.

Suka wuce hasumiyar fitila. Suka zagayo. Da suka dawo gaɓa, Dujmo ya hau kan kujerar da ƙafafu biyu, ya yi jawabi na rabin awa, har ya yaba wa Vinko. A bayan taron, Jure na wasa aska a jikin fata.

Dujmo ne da kansa, bayan an raɗa masa labari, ya riƙe madubi Jure na aske wa Vinko gashin baki a dandali.

Vinko ya koma gida leɓensa fari fat kamar gindin figaggiyar kaza. Ya zauna a kicin ya riƙe kai. "Sukuru huɗu, Zorka! Ko kyanwa ba za su ɗauka ba. Da hannuna na zaɓe su don ƙaton nan ya sha ruwa. Wane aljani ne ya riƙe shi?"

Zorka ta tsaya da yankan albasa. Ta hau kujera, ta sauko da tsohon gwangwanin man zaitun daga saman kabad, da ƙyar take ɗaga shi. Ta juye a tebur. Sukurori suka malala kamar tsaba, dubbai, wasu sun yi tsatsar shekara ashirin da shida. Guda huɗu ne kawai ke ƙyalli. Ta zaro sifana lamba sha uku daga aljihun rigar girki ta ajiye a kai.

"Au, da gangan ka yi?" in ji ta, tana susar hannu. "Ai da ka faɗa mini, tsohona, da ban sake ɗaure ta da noti kana barci ba. Ni ban ga bambancinsa da aikinka na kullum ba."