Tsuntsun da Ya Yi wa Baba Hausa

Ina da shekara goma sha ɗaya, muna zaune a Muraƙƙabat, a Dubai. Wata la'asar na tarar da Baba ya ƙura wa wani tsohon kati ido. Hoton tsuntsu ne mai rawayan ƙirji.

"Medolak ke nan," in ji shi. "A filayen ciyawar Amurka yake, inda na yi karatu. Mutanen asali na can sun ce da yarensu yake kuka, kuma ba ya ƙarya."

Ya kwaikwayi kukan da fito. Na yi dariya, na ce, "Baba, kai me ya ce maka?"

Ya sake duban katin.

"Ni Hausa na ji. Kwana uku yana kan shinge yana cewa, 'Je ka gida.' Na ce camfi ne, na tsaya saboda jarrabawa. A makon ne mahaifiyata ta rasu."

Ya kife katin. "Khalas, shi ke nan, tashi mu yi salla."

Yanzu Baba ya tsufa, ya koma Kano, ni ina nan Dubai. Ban taɓa roƙonsa ya sake fiton nan ba. Tsoro nake kada ni ma in ji Hausa a ciki.