Aikina Ɗaya Ne

Gindin bindiga ya sauka a bakin injiniyan, haƙoransa suka zubo kan kwamfuta. Matarsa ta kurma ihu, mai bindigar ya hankaɗe ta, ƙeyarta ta daki ƙofa.

Shekara da shekaru injiniyan yana nanata wa abokan aikinsa doka ɗaya: kowace manhajar kwamfuta ta zama 'yar ƙarama, ta yi aiki ɗaya, ta kuma yi shi da kyau. Ta karɓi abin da aka ba ta, ta miƙa wa ta gaba, babu ruwanta da inda ya fito ko inda za shi. Haka ya rubuta nasa manhajojin. Wata tana tsamo kalma daga cikin saƙonni, wata tana gano mai wayar, wata tana fitar da adireshi. Ya sake su kyauta, kowa ya jona yadda ya ga dama.

Bai taɓa tambayar wa ya jona su ba. Jiya kuwa ya tura wa ƙaninsa saƙo yana zagin masu mulki.

"Don girman Allah, ɗan'uwa," ya ce, jini na bin gemunsa, "me na yi? Wa ya aiko ka?"

Mai bindigar ya duba wayarsa, ya ɗaga kafaɗa.

"Wallahi ban sani ba, Malam. Wani ke zaɓa, wani ke kawo ni, wani zai zo ya kwashe. Ni aikina ɗaya ne."

Ya ja kunamar bindigar. Ya kuwa yi shi da kyau.