Wanda Ya Fi Iya Ɓuya

Ina 'yar shekara bakwai muna zaune a Hayyin Ashir, wata unguwa a ƙasar Larabawa, inda Abba yake karatu. Wata la'asar na ji takunsa a matakala, sai na shige bayan buhun shinkafa don in tsokane shi.

"Mamana!" Na toshe baki ina dariya. Ya kira, ya sake kira, har muryarsa ta canza. Can sai ya zaƙulo ni. Na ce, "Ma'alish, Abba, yi haƙuri." Na zaci duka zan sha, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

Ya ce suna yara aka kai su aikin gonar koko a Kudu, shi da ƙanensa Sabi'u. Wata rana ma'aikatan gwamnati suka zo da mota, suna kwashe yara su mayar da su makaranta. Mai gona ya ce ɓarayin mutane ne, kowa ya ɓuya. Abba yana da saran adda a ƙafa, ya kasa gudu, aka tsince shi. Sabi'u kuwa ya shige ƙarƙashin ganyen ayabar da ake rufe koko da shi. Da Abba ya gane gaskiya, ya yi ta ƙwala masa kira har motar ta tashi. Ba su sake haɗuwa ba.

"Ya fi ni iya ɓuya," in ji shi. "Mamana, in an kira ki, ki amsa."

Har Abba ya bar duniya, ko a kasuwa ya ji an ce Sabi'u sai ya waiwaya. Yanzu ni ke waiwayawa.