Yayyafi a Kan Kabarin Inna

Tun da aka iya kora hadari kamar yadda ake kora shanu, ruwan sama bai ƙara sauka a Gidan Kwari ba. A filin golf na bakin tafki yake zuba, ya tsaya cak a jikin wayar shingen filin.

Ranar Juma'a ake barin tsofaffin mazauna wurin su shiga ziyarar kaburbura. Ɗanlami ya zo da butarsa, ko ɗigo babu a ciki.

"Baba, dakata tukuna," in ji Sabo mai gadi, ɗan maƙwabcinsa. "Alhazai na buga ƙwallo a kan tudun."

Tudun nan maƙabartar tsohon garinsu ce. Wanda ya tsara filin ya rushe gidaje da masallaci, amma ya bar ta, wai gangararta na gwada gwanin wasa.

Da alhazan suka wuce, Ɗanlami ya durƙusa inda yake zaton mahaifiyarsa take, wadda ta rasu shekarar fari tana kiran ruwa. Sai yayyafin da ake saukar wa ciyawar filin ya sauko a kan lokacinsa.

"Ki sha, Inna," ya ce, ya tara butar.

Sabo ya rufe bakin butar da tafin hannu, idonsa a ƙasa.

"Baba, yi haƙuri. Ba a fita da ruwan nan."