Takalman Ƙarƙashin Kujera

"Ba zan jefar da su ba," na ce.

Muna falonmu a unguwar Bukit Jalil, nan ƙasar waje inda nake karatu. Matan ƙungiyarmu ta 'yan Najeriya ne suka zo barka, ɗaya ta jawo takalman rawar bale daga ƙarƙashin kujera.

Umma, wadda ta zo daga Kano yi mini wankan jego, ta dafe ƙirji. "Najiba! Da ɗanyen jego kike rawar Turawa? Digirin da kika zo yi ke nan?"

"Nawa ne, kuma babu inda za su."

Mako bai zagayo ba aka tsige ni daga muƙamin sakatariyar ƙungiyar. Na sha zunɗe, ban ba kowa haƙuri ba.

Ranar Talata na shiga kicin, na tarar da Umma, mai shekara hamsin da biyu, sanye da takalman. Ta riƙe ƙofar firiji ta yi ɗage.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Malamarmu ta rawa a unguwar Sri Petaling ta ce saura siket. Shi ma naki ne, kin ji?"

Na rasa muƙami da mutunci a kan takalman da ko ƙafata ba ta shiga.